Leo Fender: Mai gyaran rediyon da ya sulhunta amfilifaya da lasifika

Duk wanda ya tashi a Gangaren Tudu, cikin garin Keffi, ya san yadda hidimar biki ko ta Maulidi take kankama. Tun da la'asar sakaliya yaran masu hayar kayan sauti suke jibge akwatunan lasifika a bakin layi, su ja wayoyi, su tayar da janareta. Ya kuma san yadda hidimar take tsayawa cak a wasu lokutan: ana tsakiyar sha'ani sai sauti ya shaƙe, warin ƙonanniyar waya ya tashi, a koma ɗaga murya da fatar baki.

Na taɓa raka wani ɗan uwana da hakan ta faru da shi zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Kafin dattijon ya kwance ko da noti ɗaya, abin da ya fara tambaya shi ne lasifika nawa aka jona wa na'urar, kuma ta wace hanya aka jona su. Da ya ji cewa guda shida ne, sai ya girgiza kai, ya wanke janareta daga zargi, ya bayyana mana cewa kayan raƙumi aka ɗora wa jaki.

Wannan tambaya ta dattijon, wato ko na'urar da take ba da ƙarfi ta dace da wadda take karɓa, ita ce ta mamaye rayuwar wani mai gyaran rediyo a can jihar Kalifoniya ta Amurka. Sunansa Leo Fender. Duniya ta fi saninsa da jita mai amfani da lantarki, alhali shi kansa bai iya kaɗa jita ba har ya bar duniya. Sana'arsa ta asali ita ce amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, kuma a nan ne ya fi barin darasi ga duk mai hulɗa da waya da lasifika.

Yaron gonar lemu

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga Agusta, 1909, a gonar iyayensa da ke tsakanin garuruwan Anaheim da Fullerton, a kudancin Kalifoniya. Iyayen nasa manoman lemu ne. Yana ɗan shekara 8 wani ƙari ya fito masa a idon hagu, likitoci suka cire idon, aka sanya masa na gilas. Ya ɗan taɓa fiyano da kakakin Turawa da ake kira saksafon a lokacin ƙuruciya, amma bai yi nisa a kiɗa ba.

Abin da ya sace zuciyarsa ya gamu da shi ne a garin Santa Maria, inda kawunsa John West yake da shagon gyaran wayarin mota. Yaron bai cika shekara 15 ba lokacin da ya ga wata rediyo da kawun ya harhaɗa da tarkacen kayan gyara, ya ajiye ta a gaban shago tana tashin sauti. Daga wannan ziyara ya koma gida yana kwance rediyo yana mayarwa, har ya fara yi wa maƙwabta gyara a ɗan shagon da ya buɗe a gidansu.

Duk da haka, da ya kammala sakandare a 1928, fannin lissafin kuɗi ya karanta a ƙaramar kwalejin Fullerton. Bai taɓa zama a aji don koyon injiniyancin lantarki ba. Abin da ya sani ya tsinto shi ne daga littattafai da kuma cikin na'urorin da suka lalace. Ya yi aikin kai ƙanƙara gida-gida a wani kamfani da ke Anaheim, daga baya ya zama mai riƙe musu littafin kuɗi. A tsakanin nan ne wani shugaban makaɗa ya nemi ya haɗa masa kayan sauti na wuraren rawa, ya kuwa haɗa.

A 1934 ya auri Esther Klosky, ya kuma sami aikin akanta a hukumar hanyoyin jihar, a garin San Luis Obispo. Zamani ne na karayar tattalin arziki a Amurka. Aka sallame shi daga wannan aiki, ya koma wani kamfanin taya, can ma bayan 'yan watanni aka sallame shi. A 1938 ya ranto dala 600, ya koma Fullerton tare da matarsa, ya buɗe shago mai suna Fender Radio Service.

Makarantar bayan kanta

Shagon ya zame masa jami'a. Yana gyaran rediyo da garmaho, yana sayar da faya-fayai, yana kuma haɗa kayan sauti yana ba da su haya ga masu taro da masu wasa, kamar dai yadda masu hayar lasifika suke yi a garuruwanmu a yau. Makaɗa suka riƙa kawo masa amfilifayoyinsu da suka mutu. Mai ƙera abu yakan ga kayansa ne ranar da suka fito sabbi fil, amma mai gyara yana ganinsu ranar da suka kasa. Fender ya shafe shekaru yana ganin inda kowace na'ura take fara ciwo: wace waya ce zafi yake cinyewa, wane sashe ne girgizar mota take kwancewa, wane kamfani ne ya cusa kayan ciki ta yadda sai an wargaza komai kafin a kai ga abin da ya lalace.

Saboda rashin idonsa ɗaya, ba a ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu ba. A shekarun yaƙin ya haɗu da Clayton Kauffman, wanda aka fi sani da Doc, makaɗi kuma maƙeri da ya taɓa aiki da kamfanin Rickenbacker. Suka kafa ɗan kamfani mai suna K&F, suna ƙera irin jitar Hawai da ake kwantarwa a cinya, suna sayar da ita tare da ƙaramar amfilifayarta. A farkon 1946 Kauffman ya ji tsoron bashin da faɗaɗa harkar zai jawo, ya janye. Fender ya ci gaba shi kaɗai da sunan Fender Electric Instrument Company, ya fitar da amfilifayoyi uku masu akwatin katako: Princeton da Deluxe da Professional.

Bai yi da'awar cewa shi ya ƙago tsarin wayoyin da ke cikinsu ba. Tushensu yana cikin littafin jagora na kamfanin RCA da kuma fasahar kamfanonin tarho na AT&T da Western Electric, waɗanda ya yi aiki da lasisinsu. Gudummawarsa ita ce ta mai gyara: akwati mai ƙwari da zai jure hanya, kayan ciki a jere a kan allo ɗaya inda hannu zai kai, da takardar da aka liƙa a cikin akwatin mai nuna gurbin kowace kwalba. Daga 1948 ya fara lulluɓe akwatunan da irin yadin da ake yi wa akwatin tafiya.

Jitar da ake kwancewa da sukudireba

Abokan cinikinsa na farko makaɗan ƙauyen Amurka ne masu yawo daga wannan zauren rawa zuwa wancan, irin su ƙungiyar Bob Wills. Kukansu ɗaya ne: jita mai rami a ciki, idan aka ƙara mata sauti, sai ta kama ƙugi da kuwwa. A 1950 Fender ya fitar da jita mai gangar jiki ta dunƙulallen katako, da sunan Esquire, sannan Broadcaster. Kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi cewa yana da ganguna masu irin wannan suna, don haka a 1951 aka raɗa mata Telecaster. Wuyanta da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, ta yadda idan ya lanƙwashe za a kwance a sa wani cikin 'yan mintuna. Masu ƙera jita na gargajiya sun yi mata dariya, suna kamanta ta da filafilin kwalekwale. Makaɗa kuwa suka yi ta saye.

A 1951 ɗin dai ya fitar da Precision Bass, jita mai kaurin murya wadda ta maye gurbin ƙaton gogen nan da ake kaɗawa a tsaye, wanda ɗaukarsa ma aiki ne. Monk Montgomery na ƙungiyar Lionel Hampton yana cikin waɗanda suka fara yawo da ita. A 1954 Stratocaster ta biyo baya, da taimakon Freddie Tavares da George Fullerton da shawarwarin makaɗi Bill Carson, yayin da Don Randall yake riƙe da harkar talla da sayarwa.

Sai dai jita mai lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. Abin da take fitarwa ɗan siririn lantarki ne da maganaɗisu yake tsinta daga rawar tsirkiya. Muryarta tana hannun amfilifaya da lasifika, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai wata yarjejeniya da idan aka saɓa mata, ɗayansu ko dukansu za su halaka.

Mene ne turjiya?

Kowace na'ura tana yi wa lantarkin da ke bi ta cikinta wata irin turjiya. Bajamushe Georg Ohm ne ya bayyana dokar wannan al'amari a 1827, shi ya sa ake auna ta da ma'aunin da ake kira om. Idan lantarkin mai kai-da-komo ne, kamar na sauti, turjiyar takan sauya gwargwadon kaurin sautin ko sirantakarsa. Wannan nau'in ne masanin Ingila Oliver Heaviside ya laƙaba wa suna imfidans a 1886. Lambar da ake rubutawa a bayan lasifika, 4 ko 8 ko 16, ita ce matsakaiciyar turjiyarta.

Amfilifayoyin zamanin Fender da kwalabe suke aiki, waɗanda masu gyara suke kira bawul: ƙwayayen gilas da aka zuƙe wa iska, masu yin ja idan sun ɗauki zafi. Ɗabi'ar kwalba ita ce aiki da matsin lantarki mai yawa, sama da bolt 400 a manyan na'urori, amma da kwarara 'yar kaɗan. Ɗabi'ar lasifika kuwa akasin haka ce: tana son kwarara mai yawa da matsi kaɗan. Kwalabe biyu irin 6L6, waɗanda Fender ya yawaita amfani da su, suna buƙatar su tarar da turjiya ta kimanin om 4,000 a gabansu, lasifika kuma om 8 kacal gare ta. Mai shiga tsakani shi ne tiransifomar fitar da sauti, wato naɗin waya biyu a kan ƙarfe guda.

Aikinta ya yi kama da na giyar mota. Injin babbar mota yana da saurin juyin da ya fi jin daɗin aiki a kai, giya ce take daidaita wannan juyi da nauyin kaya da tsayin tudu. Ita ma tiransifoma haka take. Idan naɗin farko ya ninka na biyu sau 22, turjiyar da kwalabe za su gani za ta ninka ta lasifika sau 22 a wuri 22, wato kusan sau 500. Ta haka om 8 take zama kusan om 4,000. Abin lura shi ne tiransifomar ba ta da wata lamba tata ta kanta; ninkawa kawai take yi. Duk abin da aka jona mata a baya, shi take kai wa kwalabe.

A nan matsalar take. Idan aka jona akwati mai om 4 a mafitar da aka tsara don om 8, kwalabe za su tarar da rabin abin da suka saba, su riƙa jan lantarki fiye da kima, su yi zafi, su tsufa da wuri, sautin kuma ya ragu. Idan aka jona mai om 16, za su tarar da ninki biyu, matsin lantarki ya riƙa yin tsalle sama, musamman idan an ƙure sauti. Mafi muni shi ne a kunna na'urar a kaɗa jita babu lasifika sam. Ƙarfin da ya taru a ƙarfen tiransifoma ya rasa mafita, sai ya komo baya da matsi mai tsanani, ya yi tartsatsi a gindin kwalabe ko ya huda rufin siririyar wayar naɗin. Kamar a taka totur har ƙasa ne alhali mota ba ta cikin giya. Tiransifomar nan kuwa tana cikin sassa mafi tsada a na'urar.

Lissafin jona lasifika fiye da ɗaya ba shi da wuya. Idan aka jona su kafaɗa da kafaɗa, jar waya da ja, baƙa da baƙa, turjiya raguwa take yi: biyu masu om 8 sun zama om 4, huɗu sun zama om 2. Idan aka yi musu jerin gwano, wutar ta fita daga wannan ta shiga wancan, turjiya taruwa take yi: biyu masu om 8 sun zama om 16.

Fender ya san cewa makaɗin da ya sauka daga mota da tsakar dare ba zai tsaya yin wannan lissafi ba. Don haka a amfilifayoyinsa da dama ya sanya ramin jona lasifika mai wani ɗan harshen ƙarfe, wanda da zarar an zare fulogi yake rufe hanyar da kansa, don kada tiransifoma ta zauna babu kaya. Dabara ce ta 'yan kuɗi kaɗan, irin wadda sai wanda ya sha ganin ƙonannun tiransifomomi zai tuna da ita. Masu gyara da yawa sun kuma shaida cewa tsofaffin na'urorinsa sukan jure saɓanin ninki ɗaya, sama ko ƙasa, ba tare da sun mutu nan take ba, ko da yake juriya daban, lafiya daban.

Bassman da 'ya'yanta na Landan

Sabuwar jitar nan mai kaurin murya ta zo da tata rigimar. Amfilifayar Bassman ta farko, ta 1952, lasifika ɗaya gare ta mai faɗin inci 15, kuma sauti mai kauri yakan wahalar da ita. Wajen ƙarshen 1954 Fender ya sauya tsari: ya sanya ƙananan lasifika huɗu na kamfanin Jensen masu inci 10, don su raba nauyin a tsakaninsu. Kowace om 8 ce, an jona su kafaɗa da kafaɗa, jimilla om 2. Da ya bar tsohuwar tiransifoma, da kwalabe sun shiga uku. Sai ya sa aka naɗa wata musamman mai dacewa da om 2. Ƙa'idarsa ke nan: idan kaya ya sauya, a sauya giya.

Samfurin Bassman na ƙarshen shekarun 1950, mai ƙarfin wat 45 ko kusa da haka, bai gamsar da masu jita mai kauri sosai ba, amma masu jita ta yau da kullum suka rungume shi, har yau kuma ana lissafa shi cikin amfilifayoyi mafi daraja da aka taɓa ƙerawa.

A unguwar Hanwell da ke yammacin Landan akwai wani makaɗin ganga mai shagon kayan kiɗa, Jim Marshall. Kayan Amurka suna da tsada a Ingila, samari kuma suna ta tambaya. A 1962 shi da Ken Bran da Dudley Craven suka kwaikwayi tsarin Bassman da kayan da suka samu, suka fitar da JTM45. Suka haɗa ta da rufaffen akwati mai lasifika huɗu na kamfanin Celestion masu inci 12. Irin wannan akwati an fi saninsa da om 16: ana yi wa lasifika bibbiyu jerin gwano, sannan a haɗa jerin biyu kafaɗa da kafaɗa, lissafi ya komo inda ya fara. Akwati biyu kuwa om 8 ke nan. Shi ya sa amfilifayoyin Marshall suka shahara da wani maɓalli a baya na zaɓen lambar om. Da Jimi Hendrix ya haɗa Stratocaster da tulin akwatunan Marshall, hannun Fender yana ɓangarorin biyu: jitar tasa ce, amfilifayar kuma jikar tasa.

Makaɗin da ya riƙa ƙona kaya

A farkon shekarun 1960 wani matashi mai suna Dick Dale yana tara dubban matasa a zauren rawa na Rendezvous da ke Balboa, a bakin tekun Kalifoniya. Yana amfani da tsirkiya masu kauri, yana dukansu kamar mai sassaƙa. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa ya ƙona amfilifayoyin Fender da lasifikoki masu ɗimbin yawa. Wani mai kamfanin da ya ɗora laifin a kan makaɗin. Fender kuwa ya ɗauki Freddie Tavares suka tafi zauren, suka tsaya cikin taron, ya ji da kunnensa irin ƙarfin da ake buƙata idan jikin mutane ya cika wuri yana shanye sauti.

Sakamakon wannan haɗin gwiwa shi ne Showman, mai manyan kwalabe huɗu da babbar tiransifoma da ƙarfin wat 85, tare da lasifikar kamfanin JBL mai inci 15 wadda aka ƙara wa ƙwari. Da Dale ya nemi lasifika biyu a akwati ɗaya, aka sake komawa kan tiransifoma, aka fitar da samfurin da aka sani da Dual Showman mai mafitar om 4.

Showman ta zo da wani sauyi da ya shafi kowa. A da, amfilifaya da lasifika a akwati ɗaya suke, an daidaita su tun daga masana'anta, makaɗi ba shi da abin taɓawa. Daga 1960 Fender ya fara raba su: kai daban, akwatin lasifika daban, a ɗora wannan a kan wancan, a haɗa da waya. Ɗauka ta yi sauƙi, sauti ya ƙara kauri, girgiza ta rage damun kwalabe. Amma daga ranar, kowa yana iya ɗaukar kan wannan ya ɗora a akwatin wancan, ko ya manta bai jona waya ba. Lissafin da a da injiniya kaɗai yake yi ya faɗo hannun makaɗi da yaronsa mai ɗaukar kaya. Shi kansa ɗan harshen ƙarfen nan ba ya ceto idan fulogi yana cikin amfilifaya amma ɗaya bakin wayar yana yashe a ƙasa.

Sayar da suna

A tsakiyar shekarun 1960 kamfanin ya bunƙasa ƙwarai, amma mai shi ba shi da lafiya. Wani ciwon hanci mai naci ya daɗe yana damunsa, har ya ɗauka kwanansa ya kusa ƙarewa. A watan Janairun 1965 ya sayar da kamfanin ga kafar watsa labarai ta CBS a kan dala miliyan 13. Yarjejeniyar ta haɗa da sunansa, ta kuma hana shi yin gogayya da su tsawon shekara 10. Bayan cinikin ya sauya likita, aka yi masa magani, ya warke sarai. Ya wayi gari da dukiya da lafiya, amma ba shi da ikon rubuta sunan mahaifinsa a kan abin da ya ƙera.

Makaɗa da yawa sun yi kukan cewa inganci ya ja baya a ƙarƙashin sababbin masu kamfanin, har kayan da aka yi kafin 1965 suka zama abin nema da tsada. Amfilifayoyin tiranzista na farko da kamfanin ya fitar a 1966 ba su karɓu ba. A 1985 CBS ta sayar da kamfanin ga wasu ma'aikatansa ƙarƙashin jagorancin Bill Schultz.

Shi kuwa Fender bai iya zaman banza ba. Ya zuba jari a kamfanin tsofaffin abokan aikinsa, Forrest White da Tom Walker, wanda ya zama Music Man, ya kuma zama shugabansa a 1975 da wa'adin hanin ya cika. Can ya fitar da jita mai kauri ta StingRay a 1976. Matarsa Esther ta mutu a 1979, bayan zaman shekara 45. A 1980 ya auri Phyllis, kuma a wannan shekarar ce kayan farko na sabon kamfaninsa, G&L, suka fito; sunan ya samo asali ne daga harufan farko na George Fullerton da Leo. Masana'antar ta kasance a kan titin da aka raɗa wa sunansa a Fullerton.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun bayyana shi a matsayin mutum mai ƙarancin magana da sauƙin tufafi, aljihun rigarsa cike da alƙaluma da ƙananan sukudirebobi, wanda baƙo zai iya ɗauka ɗaya daga cikin leburori ne. Cutar karkarwa ta Parkinson ta kama shi a ƙarshen rayuwarsa, amma ya ci gaba da zuwa ɗakin gwajinsa har kwanakinsa na ƙarshe. Ya mutu ranar 21 ga Maris, 1991, yana da shekara 81. A 1992 aka sanya sunansa a zauren karrama gwanayen kiɗan rok na Amurka, a 2009 kuma aka ba shi lambar Grammy ta fasaha. Ɗakin aikinsa a G&L an bar shi shekaru da dama yadda ya tafi ya bar shi.

Abin da ya rage mana

Aikinsa ya iso yankinmu ta hanyoyi da dama. Mdou Moctar, makaɗin Abzinawa daga Jamhuriyar Nijar, da Stratocaster ta bahago yake zagaya duniya. Jita mai kauri da ake gani a hannun makaɗan coci da na wuraren biki daga Keffi zuwa Mararaba, ko wane kamfani ne ya ƙera ta, daga zuriyar Precision Bass take.

Amfilifayoyin da suka cika kasuwanninmu a yau galibi na tiranzista ne, kuma nasu halin ya saɓa da na kwalabe. Yawancinsu ba su damu ba idan babu lasifika, amma turjiyar da ta yi ƙasa da abin da aka rubuta musu ita ce ajalinsu. Abin da ya sami ɗan uwana ke nan: lasifika shida masu om 8 kafaɗa da kafaɗa ba su kai om ɗaya da rabi ba, na'urar kuwa an rubuta mata kada a sauka ƙasa da om 4. Mai tsohuwar amfilifaya ta kwalabe kuma, tasa dokar ita ce kada ya kunna ta sai ya tabbatar waya ta shiga akwati, lambar da ke bayan kai ta yi daidai da ta akwatin. Wanda ya auna lasifika da mita ya ga om 6 ko kusa da haka, kada ya ruɗe, mai om 8 ce, domin mita ba ta auna turjiyar sauti, ta wayar naɗin kawai take nunawa.

Lambobin nan 4 da 8 da 16 suna nan a bayan amfilifayar masallacin unguwa da ta makarantar Islamiyya da ta mai hayar kayan biki, kusa da inda ake ɗaura waya. Mutumin da ya gina kamfanin dala miliyan 13 daga rancen dala 600 ya fara ne da karanta irinsu a bayan kayan da aka kawo masa gyara. Duba su kafin a tayar da janareta ba ya cin minti ɗaya.